Masaukin da Na Nemo wa Inna a Japan

Autanmu ne ya fara kawo maganar, kuma ba da niyya ya yi ba. A lokacin yana ƙasar Japan yana karatun noman shinkafa, saura 'yan watanni ya kammala. Ya kira mu ta bidiyo wata Asabar da hantsi, na je Gwandu gaida Inna. Ni a Kalgo nake aure, a nan kuma nake aikin jinya a wani ƙaramin asibiti, amma ba na daɗewa ban shiga mota na bi ta Birnin Kebbi na je na ga tsohuwa ba. Damina ta zauna sosai a shekarar, ciwon gwiwar Inna kuwa tare suke tafe da sanyin damina. Na same ta a rumfa ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi.

Auta ya ce yana son Inna ta zo bikin kammala karatunsa, ni kuma in rako ta.

"In zo in yi mi?" in ji Inna. "Da wace ƙahwa?"

Ya yi dariya, ya ce ai a can tsofaffin da suka girme ta ma suna hawa tudu. Idan ƙashi ya dame su sai su tafi cikin duwatsu, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, su kwana a wasu masaukai irin na gargajiya, su riƙa shiga ruwan. Masaukin suna ce masa riyokan, ruwan kuma onsen.

Inna ta dakata da shafa man.

"Ba a hura mai wuta?"

"Ba a hurawa, Inna. Haka Allah ya fito da shi."

Ta dubi gwiwarta. Can ta ce, "To in dai zan zo, can za ku kai ni. In ga bikin naka, in ga ruwan."

Wanda bai san Inna ba ba zai ji nauyin wannan magana ba. Tun rasuwar mahaifinmu ita ta riƙe mu, da sana'ar turara shinkafa tana shanyawa tana kai wa kasuwa. A wajen wannan aiki na durƙuso da ɗaukar buhu gwiwar ta lalace. Ban taɓa jin ta ce a saya mata wani abu ko a kai ta wani wuri ba. Ko Makka sai da aka yi da gaske ta yarda, tana cewa a fara gyara rufin ɗakin baya. Ranar ce ta farko da ta buɗe baki ta nemi abu don kanta. Tun ban tashi daga tabarmar ba na ƙudurta a raina cewa sai ta shiga ruwan nan.

Da na koma Kalgo na kira Auta, ya ce, "Adda, gaskiya ni ban taɓa kwana a irin wurin ba, ji kawai nake yi. Ga rubutu ya sha mini kai, ga gonar gwaji. Ki nema a waya, in kin samu wanda ya kwanta miki ni zan yi magana da su da harshensu."

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Hotunan da na fara gani sun tafi da hankalina: gidajen katako a gindin dutse, ɗaki shimfiɗe da tabarma wadda ba a naɗewa, tururi na tashi daga kwarmin dutse. Sai na gangara wajen ƙa'idojin wanka. Ruwan na kowa ne. Maza da nasu, mata da nasu, amma kowa sai ya tuɓe gaba ɗaya kafin ya shiga, ko ɗaurin ƙirji ba a yarda ya taɓa ruwan ba. Inna da ko ni, da nake ma'aikaciyar jinya, ba ta yarda in ga cinyarta sai ciwo ya kai mata karo.

Ina cikin tunanin yadda zan ɓullo wa abin, ashe labari ya riga ya kai kunnen babban wanmu. Yaya ɗan kasuwa ne a Gwandu, mutum mai karatu kuma, shi ne uban gidan tun bayan Baba. Wani a majalisarsu ya nuna masa abin a waya. Ya aiko in zo.

A zaure ya tare ni, bai bari na shiga ciki ba.

"Ke da hankalinki, za ki ɗauki tsohuwa ki kai ta inda ake wanka tsirara?"

"Yaya, ni ma na gani. Ba can zan kai ta ba."

"To ina? Abincinsu hwa? An ce har a miya suna zuba giya. Ga naman alade. In ruwan ɗumi take so, ga Yankari nan cikin Bauci, a kai ta."

Ashe Inna na jin mu daga tsakar gida. Ta ɗaga murya ta ce, "Ɗana na Bauci ne?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ba ya musu da ita, ko sunansa ba ta faɗa saboda kunyar ɗan fari, amma na san bai sauka daga ra'ayinsa ba. Kuma gaskiya gare shi. Na ce masa ya ba ni lokaci kafin fasfo da biza su fito. Idan ban samo wurin da Inna za ta yi wanka ita kaɗai a bayan ƙofa mai sakata ba, ta ci halal, ta yi sallarta a natse, ni da bakina zan ce mata a haƙura da ruwan.

"Kuma sai na gani da idona," in ji shi.

Na ce na yarda.

Daga nan neman ya zama mini kamar aiki na biyu. A bayan asibitinmu akwai wata bishiyar dogon yaro, nan ne sabis ya fi ƙarfi. Duk sanda marasa lafiya suka yi sauƙi sai in ja kujera can in zauna. Idan hadari ya haɗo sabis ya ɗauke, in tattara in koma ciki. Yawancin shafukan da rubutunsu suke, sai wayar ta fassara mini, fassarar kuma wani lokaci kamar maganar mai zazzaɓi. Abokan aikina suka sa mini suna Hajiyar Japan. Maigidana kan leƙo ya ce, "Yau wane dutse muka hau?" Amma shi ke tuna mini in sa wayar a caji da zarar an kawo wuta.

A hankali na fara gane kan abin. Ashe akwai masaukan da ke da ƙaramin wurin wanka da iyali ke kamawa su kaɗai na ɗan lokaci, akwai kuma waɗanda ruwan ke shigowa har cikin ɗakin baƙo. Na yi murna, na ce an gama. Sai wata matsalar ta ɓullo. Irin waɗannan gidaje tsofaffi ne, a jikin tudu aka gina su, daga ɗaki zuwa ruwa sai an sauka matakalar dutse mai tsawo. Barci kuma a ƙasa ake yi, kan katifa. Da na gaya wa Inna ta ce ai ita a ƙasa ta girma. Na ce, "Inna, kwanciyar ba wuya, tashin fa?" Ta harare ni, domin ta san ko sallah a kan kujera take yi.

Wata rana kuma na ci karo da dokar da ban taɓa zato ba: wurare da yawa ba sa karɓar mai zane a jiki. Na tambayi Auta, ya ce a can mutane suna danganta zanen jiki da 'yan daba. Inna kuwa tana da jarfa a kumatu da damtse, irin wadda 'yan matan zamaninsu ke yi don ado. Ban so mu sha wannan doguwar tafiya a tsayar da ita a bakin ƙofa ana nuna fuskarta ba. Na je Gwandu na ce zan ɗauki hoton jarfar in aika musu tun da wuri.

"Jarfar da anka yi mini tun ina budurwa?" Ta kama haɓa. "Ita ta ja hankalin ubanku. Yau ita ta zama laihi?"

Ta dai gyara ɗankwali ta juyo kumatun, har da cewa in ɗauka ta wajen haske.

Na rubuta wa masaukai da dama, da Turancina na asibiti, Auta yana juyawa zuwa harshensu. Wasu ba su amsa ba. Waɗanda suka amsa kuwa, ladabinsu ya rikita ni. Amsar farko da na samu ta cika da godiya da fatan alheri ga mahaifiyata, har na yi guɗa a tsakar gida. Da Auta ya karanta sai ya ce, "Adda, ai sun ƙi. In suka ce abu zai ɗan yi wuya, to a'a ke nan." Wani gidan ya yarda da komai ban da abinci, suka ce mai dafuwarsu ba ya canja hannu. Wani ya yarda da abinci, amma ɗakinsa a saman bene yake.

Biza ta fito ban samu wuri ba. Auta ya fara karaya. Ya turo mini wani babban otal a birni, yana da gado, yana da abincin Musulmi, yana da baho a kowane ɗaki.

"Ruwan daga ƙasa yake fitowa?" na tambaye shi.

"A'a, na famfo ne, amma ai zafi zafi ne. Inna ba za ta gane ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Matar da ke sa hannu a tukunya ta gaya maka ko shinkafa ta turaru? In ma ba ta gane ba, ni na sani. Ba zan yi mata haka ba."

Abin da ya buɗe mini hanya a wurin aiki na same shi. Ina taimakon wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki ya sauka daga gado, sai tunani ya zo mini: ni fa ina ta neman masaukin da ke karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, alhali ba baƙuntar Inna ce babbar matsala ba, ƙafarta ce. Su ma ai suna da tsofaffi masu sanda da masu keken guragu, kuma dole akwai inda suke kai su. Na canja abin da nake nema. Ban daɗe ba na faɗa kan wani ƙaramin gida a cikin duwatsu, ba shi da nisa sosai da garin da Auta yake. Hotunansa ba su kai na sauran kyau ba. Amma akwai ɗaki ɗaya a ƙasa, da gado gajere, da ƙarfen dafawa a jikin bango tun daga ƙofa har bakin ruwa, ruwan kuma a bayan ɗakin yake, an kewaye shi da katanga.

Auta ya kira su. Wata tsohuwa ce ke riƙe da gidan ita da 'yarta. Ta ce ɗakin don mijinta aka gyara shi lokacin da ya kwanta ciwo, bayan ya rasu suka bar wa baƙi masu irin larurarsa. Jarfa ba ta dame ta ba. Amma da ya zo kan abinci sai ta cije. Ta ce tun tana amarya ba ta taɓa dafa wa baƙo abinci ba tare da ɗan ruwan giyar girki ba, kuma ba ta son ta karɓi mutum ta ba shi abin da ita kanta ba za ta yi alfahari da shi ba. Na ce wa Auta wannan ba irin waccan a'a ba ce, wannan mace ce mai kishin tukunyarta. Ya roƙe ta ta yarda su ga juna da Inna ta bidiyo.

Aka sa rana. Na tafi Gwandu tun da sassafe, domin hantsinmu shi ne yammacinsu. Yaya ya zo ya zauna a gefe da carbinsa. Fuskar tsohuwar ta fito a waya, 'yar ƙarama, kai fari fat, ta sunkuya. Inna ma ta sunkuya daga zaune, ta ce, "Sannu da aiki. Ina gajiya? Ina gida?" Auta yana fassarawa yana dariya, ya ce gaisuwar Inna ta fi ƙarfin harshensu.

Tsohuwar ta tambayi abin da Inna ke ci. Inna ta ce shinkafa, kifi, ganye, ƙwai, duk abin da Allah ya halatta. Da ta ji Inna ta yi rayuwarta a kan shinkafa sai ta matso kusa da waya, ta shiga tambayar yadda ake turarawa, don su ba sa yi. Suka ɗauki lokaci a kan wannan, Inna na kwatance da hannu, mu muna zaune kamar an manta da mu. A ƙarshe tsohuwar ta ce za ta gwada girkin tun kafin mu zo, ita da 'yarta su ɗanɗana, kuma za ta ware tukwane dabam.

Yaya ya yi gyaran murya. Ya ce a nuna masa ƙofar wurin wankan. 'Yar ta ɗauki wayar ta zaga da mu, ta tura sakata ta buɗe, ta sake turawa. Ya ce a ɗaga ya ga tsawon katangar, da ko akwai tagar wani ɗaki a sama. Babu, sai rassan itace. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"To, Allah shi kai ku lahiya. Ke, ki kula da ita."

Kafin mu tashi na kai Inna wajen likita saboda hawan jininta. Ya ce ta shiga, amma kada ta daɗe, ta riƙa fitowa tana shan ruwa, kuma kada in bar ta ita kaɗai.

Tafiyar ta yi tsawo, ƙafafun Inna suka kumbura a jirgi, amma ba ta yi ƙorafi ba. Ta ga bikin Auta, ta yi kukanta a cikin mayafi. Bayan an watse da kwana biyu muka kama hanyar duwatsu, jirgin ƙasa sannan ƙaramar mota. Tsohuwar na tsaye a bakin ƙofa tana jiranmu. Aka ce mu cire takalma kafin mu taka ciki, Inna ta ce, "Waɗanga sun san ladabi." Da lokacin la'asar ya yi Auta ya duba waya ya nuna mana alƙibla, sai ga ta tana kallon wajen faɗuwar rana. Inna ta ƙi yarda. Ta ce ita tun da aka haife ta gabas take dubawa. Sai da ya ɗauko lemo a matsayin duniya ya kwatanta mata cewa mun wuce Makka mun ba ta baya, sannan ta juya kujerarta tana salati.

Ruwan yana da wari kamar na dafaffen ƙwai. Na tura sakata. Inna ta zauna a wata 'yar kujerar katako ta wanke jikinta tas, don haka ƙa'idar take, ba a shiga da datti ko sabulu. Da ɗaurin ƙirjinta ta shiga, mai gidan ta riga ta ce a wannan ɗakin ba komai. Ta kama ƙarfen da hannu ɗaya, ta kama kafaɗata da ɗayan, ta sa ƙafa ta janye da sauri.

"Wanga ai na fige kaza ne!"

Na ce ta bi a hankali. Ta sake sawa, ta sauka, ta zauna har ruwan ya kai mata ƙirji. Ta rufe ido. Ban taɓa ganin fuskar Inna babu alamar tunanin wani aiki ba sai ranar. Ni ina zaune a bakin dutse da kofin ruwan sanyi ina lura da numfashinta. Da na ce lokaci ya yi ta fito, sai ta ce ba tare da ta buɗe ido ba, "Ke dai kin cika aikin asibiti."

Abincin ya zo a ƙananan kwanoni masu yawa, kowane da ɗan abu kaɗan. Tsohuwar ta durƙusa a gefe tana jiran hukunci. Inna ta ci kifin, ta sha romon, ta ce a gaya mata hannunta na da albarka, sai dai babu yaji. Ta zaro ƙullin yajinta daga jaka ta barbaɗa, ta miƙa wa tsohuwar. Ta lasa, ta yi tari har da hawaye, su duka biyun suka fashe da dariya. Shinkafar kuwa Inna ta murza ta a yatsa ta ce wannan ta tuwo ce, asara ake yi da ba a tuƙa ta.

Ba zan ce ruwan ya warkar da gwiwar ba, aikina ba zai bar ni in faɗi haka ba. Ƙashin da ya goge ya goge. Amma a kwanakin da muka yi a can Inna ta yi barci babu juyi, da safe kuma takan taka har bakin wani ɗan rafi a bayan gidan ba tare da ta dafa ni ba.

Mun dawo Gwandu ana shirin yankan shinkafa. Ba a yi sati ba Inna ta aika a kira magini. Ta sa ya gina mata kwarmin siminti a makewayinta, daidai zaman mutum ɗaya, da matakala ɗaya gajera, maƙeri kuma ya kafa mata ƙarfe a bango. Ita ta tsaya a kansu tana nuna tsawo da zurfi da sandarta. Da yamma a ɗora babbar tukunyar ruwa a wuta, a juye a ciki, a sirka. Da na zo wata Asabar na tarar da tsofaffin unguwa biyu zaune a rumfa da zannuwansu a naɗe, suna jiran ta fito su shiga. Inna na daga ciki tana ba su umarni ta saman katanga, wai kowa ta tabbata ta yi wanka tukuna, ba a shigar mata ruwa da datti.